Jirgin fom mai fiffike mita 1.6: rikodin aiki da matsalar ɓatan taku

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Jikin jirgin, ƙaramin jirgin sama da ake tuƙawa da rimot, ya kammala. Faɗin fiffike mita 1.6, na farin fom ne da sandar kabon a ciki, na lulluɓe shi da salatif mai faɗi. Da batir da komai kilo 1.5 yake. Moto a bayan fiffike na ɗora shi, yana turo jirgin, domin in ya faɗi da hanci farfela da sandar moto su tsira.

Moton marar burushi ne, na hannu, an ciro shi daga wani jirgi marar matuƙi mai hannu shida da ya faɗi aka sayar da sassansa. An rubuta KV 620 a jikinsa, wato yana zagaye 620 a minti a kan kowane bolt idan babu farfela. Na leƙa ta ramukan murfinsa na ƙirga: haƙora 24 masu naɗin waya, maganaɗisu 22. Faffaɗa ne, gajere, irin waɗanda aka yi su don juya babbar farfela ba tare da zuƙe batir ba, kuma dalilin da ya sa na zaɓe shi ke nan. Ina son jirgin da zai daɗe a sama, ba mai gudu ba.

Kwantirola, na'urar da ke sarrafa gudun moto wadda a kasuwa ake rubuta wa ESC, ta amfiya 40 ce, irin ta gama-gari, tana ba risiba (mai karɓar umarnin rimot) da sarbo (ƙananan injinan da ke motsa sassan fiffike da wutsiya) bolt 5 daga jikinta. Batir LiPo mai sel huɗu, 3,300mAh, in ya cika bolt 16.8. Farfela 13x6.5, wato tsawonta inci 13, lanƙwasarta inci 6.5.

Na ɗaure jirgin a benci na gwada. Na riƙa ƙara totur a hankali har ƙarshe, sauti lafiya lau, mitar wat ta nuna amfiya 22. Ƙarfin turawar ya isa har da saura.

Kuɗin da ya fita zuwa yau: moto ₦22,000, kwantirola ₦16,000, batir ₦48,000, sarbo huɗu ₦14,000, fom da gam da salatif da sandar kabon ₦19,500, farfela biyu ₦9,000. Rimot da caja da mitar wat na tsohon jirgina ne.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Daidaita nauyi kawai. Sai da batir ya je can ƙarshen hanci sannan jirgin ya tsaya daidai a kan yatsu. Saboda haka aka ƙara wa wayar batir tsawo, yanzu santimita 28 ce daga batir zuwa kwantirola.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Tashi na farko, kuma faɗuwa ta farko.

Ni da ƙanena muka fita bayan asuba zuwa gonar kawunmu ta hanyar Madobi. An daɗe da girbe gero, sai kututturan kara. Ya jefa jirgin ina kan totur kashi 70 cikin ɗari, ya tashi sumul, ya ɗan nemi karkata hagu na gyara shi daga rimot. Da rabin totur yake shawagi ba wahala. Bayan wajen minti shida na juyo da shi don sauka, na rage totur zuwa ƙasa sosai, farfela na juyawa a hankali, jirgin yana gangarowa bai fi mita biyar da ƙasa ba.

Sai ƙanena ya ce, "Yaya, awaki! Ɗaga shi!"

Awaki ne suka ratso daidai inda zan sauka. Na tura totur gaba ɗaya lokaci guda. Maimakon ƙarar da na sani, sai wata ƙara siririya mai kaifi, ƙiiii, sannan kar-kar-kar. Farfela ta tsaya tana karkarwa. Jirgin ya riga ya ɗaga hanci saboda na ja sandar rimot, gudunsa ya ƙare, ya sunkuyo da fiffiken dama ya caki ƙasa. Sarbo duk suna amsawa har ya faɗi, na ga wutsiya tana motsi.

Ɓarna: hanci ya murƙushe, kututturen kara ya tsaga fiffiken dama wajen tsawon tafin hannu, farfela ta tsira. Da na taɓa moto sai na janye yatsa, zafi ne na gaske, ga ɗan warin fenti mai ƙuna. Kwantirola ma da zafi amma ba kamar moton ba. Batir bai kumbura ba, kowane sel na nuna 3.86.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na gyara hanci da fiffike jiya da daddare. Yau bincike.

Duk wanda na ba labari a cikin abokan wasan nan yana da wanda yake zargi. Wani ya ce batir ne ya yi ƙasa kwantirola ta yanke wuta. Wani ya ce rimot ne ya rabu da risiba. Wani ya ce moton ya ƙone tun a jirginsa na farko, in jefar in sayi sabo. Biyun farko ba su da wuyar kawarwa. Kwantirola in za ta kare batir, rage ƙarfi take yi ko ta kashe moto shiru, ba ta sa shi ihu, kuma sel mai 3.86 bai kusa da inda ake yankewa ba, wajen 3.0 zuwa 3.2. Rimot kuwa da ya rabu, da wutsiya ba ta amsa ba.

Na sake ɗaure jirgin a benci, na tsaya ta gaban hanci, nesa da layin farfela. Ƙara totur a hankali: lafiya, amfiya 22 kamar ranar farko. Sai na kwaikwayi abin da ya faru a gona. Na sauke totur zuwa wajen kashi 10, na bar farfela ta yi sanyi, na buga shi sama lokaci guda. Ƙiiii. Ga shi nan. Na sauke da sauri. Mitar wat tana riƙe adadi mafi girma da ta gani, ta nuna amfiya 39, kusan ninki biyu na cikakken totur, alhali farfelar ba ta juyawa. Mafi ƙasan da batir ya sauka bolt 14.2.

Ba kowace bugawa take kawo shi ba, amma yawanci tana kawowa. Daga rabin totur zuwa sama kuwa, komai saurin bugawar, bai yi ba. Wannan ya fi min komai amfani a yau: matsalar tana da ƙofa ɗaya da take shigowa, kuma ina iya kiranta duk lokacin da na so. Gwajin ƙara totur a hankali da kowa yake yi kafin tashi ba ya nuna komai game da ita.

Moto da kwantirola ne suke ɓata taku, wato wutar da kwantirola take aikawa ta daina tafiya daidai da juyawar moton. Daga yau duk abin da na canza, da wannan bugawar zan auna shi, kuma abu ɗaya a lokaci guda.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Babu wuta tun jiya. Na kai batir caji wurin maƙwabci mai sola. Ba a yi komai ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na kai moton wurin wani dattijo mai naɗin kwayil a Sabon Gari, wanda yake yi wa mahaifinmu gyaran injin ban ruwa. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Wannan ɗan abin ne yake ɗaga jirgi?" Na ce, "Shi ne, Baba."

Mitar hannu ba ta iya auna juriyar kwayil irin wannan da kyau, don ba ta kai om ɗaya ba, wayoyin mitar kansu sun isa su ruɗa lissafi. Sai ya yi dabararsa. Ya kama sandar moton a bakin injin huda, ya juya shi, ya auna wutar da yake fitarwa tsakanin wayoyi bibbiyu. Haɗi uku ne, duka sun ba da kusan bolt 1.3. Ya auna tsakanin kowace waya da jikin ƙarfen, babu haɗuwa. Ya ce, "Ɗana, kwayil ɗinka lafiya yake. Fentin wayar ya ɗan yi duhu a haƙora biyu, amma bai ci ba. Kada ka ƙara gasa shi dai."

Ya zare zoben da ke riƙe murfi, muka buɗe. Maganaɗisu 22 duk suna zaune, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke, babu mai motsi. Amma bakinsu ya tara baƙin gari, ƙurar ƙarfe da suka tsinto daga ƙasar gona ranar faɗuwa. Da salatif muka riƙa ɗebe ta, iska ba ta fitar da ita. Boris biyu lafiya.

Yana mayar da murfi sai ya ja wayoyin uku ɗaya-ɗaya, ta tsakiya ta juya a cikin kan haɗinta. Ya yanka robar da ta rufe wurin. Dalmar ta yi toka-toka, ta dunƙule a gefe guda ba ta shiga cikin silin wayar ba, haka moton ya zo daga mai shi na farko. Ya kankare, ya sake haɗa duka ukun da dalma mai kyau har ta kwanta tana sheƙi. Ya ƙi karɓar kuɗi, na sayo masa goro da lemo.

Na dawo gida da murna. Gwajin bugawa: ya ragu ƙwarai, amma bai tafi ba. Daga kashi 20 zuwa sama yanzu yana ɗauka lafiya. Daga kashi 10 har yanzu yana ihu jefi-jefi. To, haɗin nan yana cikin masu laifi, ba shi kaɗai ba ne.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ban taɓa jirgin ba, takarda da biro na riƙe. Ina rubuta wannan ne da tsawo domin sai an gane yadda abin yake aiki sannan saitin da zan taɓa zai yi ma'ana.

Moto mai burushi, irin na injin huda, shi yake juya wa kansa wuta, gawayi biyu suna gogar tagulla a kan sanda. Marar burushi ba shi da wannan, aikin ya koma wuyan kwantirola. Wayoyi uku ne. A kowane lokaci biyu ne suke ɗauke da wuta, ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya, ta ukun a sake take. Sai a canza, wata ta huta. Matakai shida ne suke cika zagaye ɗaya na lantarki, kowanne digiri 60. Lugude ne na mata uku a turmi ɗaya: kowace taɓarya tana da lokacin saukarta, in ɗaya ta riga ko ta makara, sai su yi karo, dakan ya tsaya.

Abin tambaya, ta yaya kwantirola take sanin lokaci, tunda a moton jirgi babu na'urar da ke gaya mata inda maganaɗisu yake? Ta wayar da ke hutawa take saurare. Maganaɗisu in yana wucewa gaban kwayil yana haifar da wuta a cikinsa, irin wadda Baba ya auna da injin huda. Wutar nan tana hawa ko tana sauka, kuma daidai lokacin da ta ratsa tsakiya kwantirola take gane matsayin murfin da ke ɗauke da maganaɗisun. Daga nan ta ƙirga digiri 30 na lantarki ta canza mataki. Taimin shi ne yawan digirin da ake ragewa daga wannan jiran. Taimin 15, ta jira 15. Taimin 30, ta canza nan take.

Matsalar tana nan: kwayil ba ya sakin wutarsa da zarar an yanke masa. Wutar tana ci gaba da gudu na ɗan lokaci ta cikin kwantirola kafin ta mutu, kuma muddin tana gudu, wayar nan ba ta faɗin komai game da maganaɗisu. Gwargwadon yawan amfiyar da ke ciki, gwargwadon daɗewar. Idan ta daɗe har lokacin ratsa tsakiya ya wuce, kwantirola ta rasa alamarta, ko ta ɗauki hayaniyar wuta a matsayin alama. Sai ta canza mataki a lokacin da bai dace ba, kwayil ya tura maganaɗisu baya maimakon gaba, moto ya rage gudu, wutar da yake mayarwa ta ragu, amfiya ta ƙaru, mataki na gaba ya fi na baya lalacewa. Ihun da nake ji ke nan, da amfiya 39 ɗin da duk zafi ta zama.

Shi ya sa daga ƙasa yake zuwa. Moto yana juyawa a hankali, wutar da yake mayarwa kaɗan ce, babu abin da ke tare batir. Ka buɗe totur gaba ɗaya, amfiya ta kwararo, ga farfela inci 13 mai nauyi ba ta barin moton ya ɗauki gudu da wuri.

Yawan maganaɗisu kuma yana ƙara matse lokacin. Nawa 22 ne, wato tagwaye 11, duk juyi ɗaya na farfela zagaye 11 ne na lantarki. A zagaye 7,000 a minti, 77,000 ke nan, wanda ya zama canjin mataki 7,700 a sakan ɗaya. Kowane mataki maikirosakan 130 ne kacal, kashi 130 cikin miliyan na sakan. Moton da aka fi sani a ƙananan jirage mai maganaɗisu 14, a wannan gudun canji 4,900 yake bukata, kowane mataki ya haura maikirosakan 200. Kwantirolar da za ta yi shekaru lafiya da wancan tana iya tuntuɓe da wannan, ba tare da ɗayansu ya lalace ba.

Daga lissafin nan hanyoyi uku suka fito: a ƙara taimin don kwayil ya sami ƙarin lokacin hucewa kafin alama ta zo, a rage amfiyar da ke shiga lokacin bugawa, ko a rage nauyin farfela.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Taimin. Wannan kwantirolar da sandar totur ake saita ta: a cire farfela, a kai sanda sama, a haɗa batir, a zauna ana ƙirga ƙararrawa. Aiki ne mai cin rai, yaran gida na wasa a tsakar gida sai da na rufe ƙofa. Matakai uku gare ta, ƙasa, tsakiya, sama, kuma a ƙasa na same ta. Wannan ya dace da moto mai maganaɗisu biyu ko huɗu, ba irin nawa ba.

A tsakiya: sauƙi sosai. A sama: da sanyin moto ban iya sa shi ihu ba ko kaɗan. Amma da na bar shi ya yi minti biyu a kashi 70 ya ɗumama, kuma da batir cikakke, sai ya sake yi sau ɗaya daga can ƙasa. Sau ɗaya a benci ya isa ya karya jirgi a gona. Cikakken totur ya koma amfiya 24, moton kuma ya fi ɗaukar zafi, kuɗin taimin mai yawa ke nan. Maganaɗisun irin waɗannan moto, in na gama-gari ne, daga wajen digiri 80 na zafi yake fara rasa ƙarfi, kuma ba ya dawowa.

Da yamma na koma kan wayar batir. Doguwar waya tsakanin batir da kwantirola tana haifar da tsalle-tsallen wuta duk lokacin da aka yanke aka kunna, kuma ana yin haka dubban sau a sakan. Kafasitocin bakin kwantirola ne suke shanye shi. Tsawaita wayoyi ukun moto ba shi da wannan illar. Na matso da kwantirola gaba, wayar batir ta dawo santimita 12, na ƙara wa na moto tsawo, na murɗa su tare. Na ƙara kafasita 470µF mai bolt 35 a bakin kwantirola, ƙafafunta gajeru. A kasuwar waya ta Farm Centre na samo ta wurin masu gyara, ₦1,200 guda biyu, na nemi irin wadda ake sa wa allon kwamfuta mai ƙarancin juriya.

Kafasitocin asali sun daina zafi. Ɓatan takun bai canza ba. Ban yi mamaki ba, amma gyara ne da ya kamata a yi ko babu matsala.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Farfela 12x6 ta iso, ₦4,500. Da ita, a taimin na sama, na buga daga ko'ina, da sanyi da zafi, bai ɓata ba. Cikakken totur amfiya 18.

Wani abokina ya ce shi ke nan, in tashi haka. Ya kuma ce a rimot ɗinsa mai manhajar EdgeTX ana iya jinkirta hawan totur da rabin sakan, matsala ta ƙare. Gaskiya ne ana iyawa, nawa dai ƙarami ne ba shi da wannan. Ko da yana da shi, raina bai kwanta da maganin ba. Lokacin da kake bukatar totur nan take shi ne lokacin da jirgi yake dab da ƙasa, kamar ranar awaki. Ƙaramar farfela kuma ta mayar da moton abin da ban saye shi dominsa ba. Ta 13 ce take ba ni shawagi da amfiya kaɗan.

Na yi odar kwantirola mai amfiya 35 mai manhajar BLHeli_S, wadda ake saitawa ta kwamfuta. Na so mai BLHeli_32, amma tun watan Yuni na 2024 aka sanar da daina ci gaba da ita, masu bukatar irin wannan suna komawa AM32 wadda take a buɗe ga kowa. Ga abin da nake nema BLHeli_S ta isa, kuma ta fi araha. Da kuɗin kawowa ₦24,000. Na haɗa da ƙaramar na'urar rage wuta zuwa bolt 5, ₦6,500, da ƙararrawar batir, ₦3,000. Dalilin waɗannan biyun zai zo.

Lahadi, 8 ga Disamba

Kaya na hanya. Hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari, ko da jirgin a shirye yake ba a ganin mita ɗari da kyau. Na so sa tayoyi, amma na fasa, gonar ba ta tayoyi ba ce. Na manna robar jarka a ƙarƙashin jirgin don kututturan kara.

Asabar, 14 ga Disamba

Kwantirola ta iso. Ƙarama ce, ba ta kai rabin tsohuwar ba, don jirage masu farfela huɗu aka yi ta, kuma wannan yana da sakamako ga mai jirgin fiffike. Ba ta ba da bolt 5, dole risiba da sarbo su sami wutarsu daga na'ura daban. Ba ta kuma yanke wuta in batir ya yi ƙasa, za ta zuƙe shi har ya lalace, shi ya sa ƙararrawa. Na saita ƙararrawar a 3.5 kowane sel. Na mayar da kafasita 470µF bakinta.

Haɗa ta da kwamfuta: masu jirgi mai farfela huɗu ta cikin allon tuƙinsu suke shiga, ni ba ni da shi. Na ari Arduino Nano, wani ƙaramin allon lantarki, wurin wani ɗalibi, manhajar BLHeliSuite da kanta take mayar da shi mahaɗi, waya ɗaya zuwa wayar sigina, ɗaya zuwa wayar nagetif. Sai da muka canza igiyar USB, ta farkon ta caji ce kawai. Daga nan komai ya fito a allo.

Abubuwa uku suka dame ni a ciki. Taimin mai matakai biyar: digiri 0, 8, 15, 23, 30. Saitin da manhajar ta kira Demag, mai a kashe, ƙasa, da sama, wanda aikinsa shi ne ainihin abin da na rubuta ranar 20 ga Nuwamba: idan kwantirola ta lura kwayil bai gama hucewa ba, sai ta canza mataki bisa ƙiyasin lokaci, ta kuma ɗan yanke ƙarfi don moton ya kamo. Sai ƙarfin tashi, wanda yake iyakance wutar da za a ba moto yana kan ƙaramin gudu, na same shi a 0.50.

Na daidaita iyakar totur da rimot, na duba juyawa. Baya yake juyawa, na gyara a manhaja maimakon musanya waya biyu. Dare ya yi.

Lahadi, 15 ga Disamba

Farfela 13x6.5 ta koma. Batir cikakke, don a nan matsalar ta fi fitowa.

Yadda ta zo, taimin 15 da Demag a ƙasa: ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba, sai ɗan tuntuɓe da kunne ke ji a bugawa daga can ƙasa, gajeren kar, sannan ta kamo da kanta. Babu dogon ihu. Na kai Demag sama na bar taimin: tuntuɓen ya ɓace da sanyin moto, ya rage ɗan kaɗan da zafinsa. Na kai taimin 23: babu. Na gasa moton minti uku a kashi 70, na buga daga kashi 5, daga 10, daga tsaye cik, na yi ta sama da ƙasa da sauri kamar mai neman ɓata abu da gangan. Babu. Mafi girman amfiya da mita ta riƙe 27 ne.

Na gwada 30 don in gani. Babu ƙarin amfani, sai ƙarin zafi da ƙarin amfiya ɗaya da rabi. Na dawo 23. Na kuma gwada rage ƙarfin tashi zuwa 0.25. Hawan ya yi laushi amma ana jin jinkiri, na mayar 0.50 tunda ba a bukata.

Demag a sama yana ɗan cin kaifin hawa, in ka saurara za ka ji moton yana ɗaukar wani ɗan lokaci kafin ya kai ƙarshe, bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Bambancinsa da jinkirin rimot shi ne wannan sai an bukace shi yake shiga.

Bayan gwaji ina iya riƙe yatsa a jikin moton ba tare da na janye ba. Kawunan haɗi ukun ɗuminsu ɗaya.

Asabar, 21 ga Disamba

Hazo ya ɗan yaye, muka koma gona. Kafin jefawa na sa ƙanena ya riƙe jirgin da kyau, hannunsa nesa da farfela, na buga totur daga ƙasa. Ya amsa.

Na hau da shi sama sosai, inda ko moto ya mutu zan iya saukowa da shawagi, na yi gwajin a can. Rage totur, jira, bugawa: ya amsa. Kashe moto gaba ɗaya, barin iska ta riƙa juya farfela, sannan bugawa: wannan ne na fi tsoro, don a benci ba a iya kwaikwayonsa, kwantirola tana tarar da moto yana juyawa ba da umarninta ba. Ya amsa, da ɗan jinkiri kaɗan. Na sunkuyar da hanci ya ɗauki gudu na sake yi. Lafiya. Sai na sauko ƙasa-ƙasa na yi kamar zan sauka na fasa. Ƙanena ya ce, "Yaya, saura awakin kawai."

Wani sabon hali ya bayyana. BLHeli_S tana taka wa moto birki duk lokacin da aka rage totur, ba ta barinsa ya sauko da kansa. A jirgi mai farfela huɗu abin so ne. A nan kuwa, in na sauke totur da sauri, farfela inci 13 tana zama abin tare iska, jirgin ya rage gudu fiye da yadda hannuna ya saba, hanci ya nemi faɗawa. Wajen sauka sai na bar ɗan totur har dab da ƙasa. Saukar ta yi kyau, robar jarka ta yi aikinta.

Minti 17 a sama, ƙararrawa ba ta yi kuka ba, sel suna 3.74. Moto ɗumi kawai. Na buɗe shi a gida, ƙurar ƙarfe ta sake taruwa a bakin maganaɗisu duk da a baya yake.

Asabar, 28 ga Disamba

Lissafin abin da ɓatan takun ya ci: gyaran hanci da fiffike ₦3,500, kafasita ₦1,200, farfela 12x6 ₦4,500, sabuwar kwantirola ₦24,000, na'urar bolt 5 ₦6,500, ƙararrawa ₦3,000. Jimla ₦42,700, ban da man babur. Tsohuwar kwantirola lafiyarta ƙalau, na gwada ta da ƙaramin motona mai maganaɗisu 14 da farfela inci 10, na buga ta yadda na ga dama ba ta yi tuntuɓe ba. Za ta shiga jirgin koyon da nake yi wa ƙanena.

Saitin da aka tsaya a kai, na rubuta shi a salatif na manna cikin jirgin: taimin 23, Demag sama, ƙarfin tashi 0.50, farfela 13x6.5, sel huɗu.

Abin da ke gaba: raga siririya a bakin ramukan moto saboda ƙura, in dai ba za ta hana shi shan iska ba, sai na auna zafinsa kafin da bayan. Batir mai 5,000mAh, wanda zai ƙara nauyi ya kuma rage saukar bolt lokacin bugawa, don haka gwajin benci zai sake daga farko. Gwajin za a maimaita shi a watan Afrilu ma, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, tunda da ɗumin moto matsalar ta fi fitowa. Maganar ɗora kyamara na ajiye ta sai na bi ta kan batun izini, don tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce jirage marasa matuƙa sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Gobe zan yanka fiffiken jirgin koyo.